Ƙasar da Aka Tankaɗe wa Sarki

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai ƙarancin ruwa, wanda Allah ya jarrabe shi da son jera abubuwa daraja-daraja. Ya jera fadawansa, ya jera dawakinsa, har randunan gidansa sai da ya san wadda ke gaba da wata. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Yana dai son a ce masa adali fiye da yadda yake son wahalar adalcin.

Gabas da birninsa akwai wani dutse da tsofaffi suka ce ya taɓa aman wuta tun zamanin da ba wanda ya sani. Aman ya daskare ya zama baƙin dutse mai huji-huji, rana da ruwa suka yi ta cinsa har ya zama ƙasa, ciyawa ta fito, makiyaya suka kafa ruga. Wata shekara rigimar wurin kiwo ta yi tsanani tsakanin makiyayan da barorin waziri masu tsaron shanunsa. Sarki ya ji daɗin rigimar nan ƙwarai, don ya sami abin jerawa. Ya ce a ɗebo masa ƙasar kowane yanki, ya duba da idonsa, ya yi rabo.

To, al'adar fadar ce ba a kai wa sarki komai da tsakuwa a ciki. Waziri kuwa, da ya san dawan garin, ranar nan ya zama mai tsananin kishin al'ada, ya sa aka kawo rariya. Jar ƙasar kafaɗar dutse, sai da aka tankaɗe kwando ashirin kafin a cika akushi ɗaya, ta fito da laushi kamar gari. Ƙasar tsakiya mai ruwan toka ta wuce rariya salin-alin. Baƙar lakar kwari kuwa ta ƙi wucewa, don rani ya busar da ita, aka kawo ta gunduwa-gunduwa kamar ƙanzo, waziri yana ta ba da haƙuri a kan muninta.

Sarki ya shafa, ya sansana, ya ce ja ita ce sarauniya, mai ruwan toka jakadiya, baƙa baiwa. Saboda a san shi adali ne, ya ba makiyaya sarauniya ɗungurungum. Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce shi bawan sarki ne, zai yi haƙuri da baiwar.

Makiyaya suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka hau kafaɗar dutse. Rani bai raba ba aka fara ƙirga haƙarƙarin shanunsu daga nesa, nono ya ƙafe, maruƙa suka soma faɗuwa. Abin takaicin, ba su da bakin kuka: ta yaya za ka kai ƙarar an ba ka mafi kyau? Sai suka roƙi wani tsoho mai haƙar rijiya, ana ce masa Nomau, wanda ya shekara arba'in yana ganin ƙasa ta ciki, ya je ya yi musu magana.

Da ya faɗi ya yi gaisuwa, sarki ya ce, "Godiya ka kawo, tsoho?"

Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jahilci na kawo a rage mini. Ya sarki, jar ƙasar nan, nawa ne zurfinta?"

Akusan suna nan a gefen karaga, don sarki na nuna wa baƙi su. Ya tsoma hannu ya ce, "Yatsa huɗu."

"Baƙar fa?"

"Ita ma huɗu."

"Ashe a cikin akushi duk ƙasa zurfinta ɗaya. To, da aka yi rabon nan, an tambayi saniya?"

Fadawa suka yi dariya. Sarki ya ce, "Saniya tana magana ne?"

"Tana yi, ranka ya daɗe, amma da haƙarƙarinta, kuma ba ta zuwa fada. In sarki zai ji ta, sai ya ɗauki sandarsa ya biyo ni."

Waziri ya ce rana ta yi zafi, hanya ba kyau, kuma bai kamata a maimaita hukuncin da ya riga ya yi daidai ba. Wannan yawan tausayi ne ya sa sarki ya ce a ɗaura sirdi.

A kafaɗar dutse Nomau ya ce sarki ya kafa sandarsa. Ya kafa, ba ta shiga taƙi ɗaya ba ta ce ƙwas a kan dutse. Ya matsa gaba, ƙwas. Ya duba ko'ina bai ga sarauniyarsa ba, sai tsakuwa da ƙarangiya, wadda ta kama masa gefen riga ba ta san da sarki take yi ba. Da suka sauko tsakiya, tsohon ya zuba ruwan gora, kafin a ce kwabo ƙasar ta shanye, iska ta taso ta watsa wa fadawa ƙurarta a ido. A kwari kuwa ƙasa ta tsattsage, sarki ya zura sanda a wata tsaga ta nutse har mariƙi. Nomau ya haƙa kamu ɗaya, ya damƙo laka mai danshi ya sa masa a hannu. Ga gamba tuli, ga shanun waziri suna sheƙi, sun yi haƙuri da baiwa har sun kasa tashi.

Nomau ya ce, "Ya sarki, uwarsu ɗaya, dutsen nan ne. Amma ruwan sama yana wanke ta sama ya kai wa ta ƙasa. Mu abu uku muke tambayar ƙasa: zurfinta, riƙon ruwanta, da abin da take bari a tsaye da rani. Launi kuwa sai mai rini."

Sarki ya fusata, ya ce a kora shanun waziri kafaɗar dutse su ɗanɗana.

Tsohon ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, me shanun suka yi? Kuma baƙar nan da ka fara ƙauna yanzu, in damina ta sauka kumbura take, ta riƙe kofato har ya ruɓe. A lokacin nan ja ce mai rana, ciyawarta ce ke fara fitowa. Ba sarauniya a cikinsu, ba baiwa. Kowace da watanta."

Kunya ta kama sarki karo na biyu a yini ɗaya, abin da bai saba ba. Ya yi umarni kowa ya yi kiwo a tudu da damina, a sauko kwari da rani, ba shamaki. Waziri kuwa aka ba shi kafaɗar dutse ya tare can shi kaɗai, ya tsince tsakuwarta da hannunsa, tunda shi ya fi kowa sanin kyanta.

Sannan sarki ya juya ga tsohon ya ce, "Yanzu na yi adalci?"

Nomau ya ce, "Ka yi wa masu rai. Maruƙa saba'in suna bayan dutsen can, ungulu ta riga ka yi musu hukunci."

Sarki ya dubi lakar da ke bushewa a tafinsa. Sai ya ce, "Sarkin da ya yi hukunci daga zaune, ba shi ya yi ba, mai kawo masa labari ne."