Tsaftar Gidan Muzuru

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna saurare.

Kurciya ce za ta je gaisuwar mutuwa, tana neman inda za ta bar 'ya'yanta. Ta leƙa gidan Kaza, ta ga dusa da kashin tsaki ko'ina.

Kaza ta ce, "Kawo su, ƙawata."

Kurciya ta yatsine fuska. "A wannan jujin? Allah ya sawwaƙe!"

Gidan Muzuru kuwa fes, ko tsinke babu. Ta ce, "Malam, daga ganin gidanka zuciyarka fara ce." Ta bar masa su.

Da ta dawo, ta tarar yana shara. "Malam, ina 'ya'yana?"

Ya lashe baki. "Duba da kyau, Hajiya. Ni ko gashi ba na bari a tsakar gidana."

Ƙurunƙus, ga kan ɓera nan!