Mai Ƙwai a Hannun Masu Wucewa

Akwai wani manomi mai kiwon kaji, yana da wata tsohuwar akori-kura da yake kai ƙwai birni da ita kowace ranar kasuwa. Mutum ne mai tsoron Allah. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya gudu da mota. Ya koyi tuƙi tun hanyar garinsu tana siririya, ruwa ya cinye gefenta duka biyu. Wanda ya koya masa ya ce masa, "Riƙe tsakiya, gefe na masu neman rami ne." Ya riƙe wannan magana shekara talatin.

Ana nan sai aka faɗaɗa hanyar ta zama tagwaye, aka gina shingen kankare a tsakiya, masu zuwa da ɓangarensu, masu dawowa da nasu. Kowane ɓangare kuwa hannu biyu ne. Na dama na tafiya ne. Na hagu, wanda yake jikin shingen, na wanda zai wuce wani ne ya koma dama. Da shekaru suka tura, manyan motoci suka farfasa hannun dama, na hagu ya zauna sumul. Manomin ya duba, ya ce a ransa, "Ga tsakiya, ga laushi. Ƙwai na ɗauko, ba duwatsu ba." Sai ya mai da hannun hagu gidansa. Duk wanda ya matso bayansa da hon, sai ya fito da hannu ta taga, ya yi masa alama ya zagaya ta dama.

Wata rana da hantsi ya loda ƙwai, ya ɗauki matarsa, suka kama hanya. Suka iso wani dogon gangare, dama da shi kwazazzabo ne. A hannun dama akwai wata bas cike da matan zumunta, za su taro, direbansu yana sauka a hankali, su kuwa suna ta waƙa da tafi. Manomin ya cim musu a hannun hagu, amma bai wuce su ba. Ya daidaita gudunsa da nasu, ya ce wa matarsa, "Bari mu sha waƙa kyauta." Suka jera kafaɗa da kafaɗa, hanya ta toshe.

Can sai ga hon ɗin wata babbar mota daga baya.

Matar ta ce, "Baban Rifkatu, da kai ake."

Ya ce, "Na ji. Ai ban baro kunnena a gona ba."

"To, ka ba shi hanya mana."

"Gadonsa ce? Waɗannan masu manyan motoci gani suke kowa kiyashi ne. Ban karya dokar gudu ba. Yau zai koyi haƙuri."

Ita matar nan a gindin irin wannan gangare ta girma, inda uwarta take gasa masara a bakin hanya. Ta kasa kunne, sai fuskarta ta sāke. Ta ce, "Mai fushi yakan danna ya saki, ya danna ya saki. Wannan bai ɗaga hannunsa ba tun daga kan tudu." Ta leƙa ta taga, ta ga hayaƙi yana tashi daga ƙafafun babbar motar, ƙaurin ƙuna ya bugi hancinta. Ta ɗaga murya, "Ba shi da birki! Baban Rifkatu, ba shi da birki!"

Sai a lokacin ya dubi madubi. Bai ga sama ba, bai ga hanya ba, goshin motar kaɗai ya cika shi. Ya dubi dama, ga bas. Ya dubi hagu, ga kankare. Ba inda ya rage sai gaba.

Ya ce, "Ƙwan fa?"

Ta ce, "Kaji suna gida, za su yi maka wasu! Ni wa zai sāke yi maka? Taka!"

Ya taka totur har ƙasa. Tsohuwar motar ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba, ta wuce bas ɗin da ƙyar. Ya karya sitiyari dama, ya faɗa cikin ramukan da ya yi shekaru yana gudu. Suna jin kiret yana bugun kiret a baya. Kafin su numfasa, babbar motar ta shige ta hagunsu da lodin siminti, iskarta ta girgiza su kamar ganye. Ta gangara har ƙarshen kwarin, ta kama hawan da yake gaba, hawan ya cinye gudunta, direban ya cusa ta cikin wani tulin yashi a gefen hanya. Ta tsaya.

Manomin ya tsaya a bayanta, bas ma ta tsaya. Waƙa ta mutu a bakin matan. Direban babbar motar, wani dattijo mai furfura a gemu, ya sauko ya zauna a ƙasa, ba abin da yake faɗi sai "Alhamdu lillahi." Wata mata ta miƙa masa ruwa a gora, ya sha.

Manomin ya zo da hularsa a hannu, yana jiran zagi.

Direban ya ce, "Malam, kai ne mai akori-kurar?"

"Ni ne."

"Allah ya yi maka albarka da ka taka."

Manomin ya ce, "Da ban taka ba fa?"

Direban ya dubi matan da suka kewaye su. Sa'an nan ya ce, "Na riga na yanke shawara. Ku biyu ne a ciki. Su sun fi talatin."

Manomin ya zauna a ƙasa kusa da direban. Shugabar matan ta sa aka ƙirga su ɗaya ɗaya, ba wadda ko ƙwarzane ta samu. Sai ta hangi ruwan ƙwai yana ɗiga daga bayan akori-kurar, yana malala a kan kwalta. Ta ce, "Kai, bawan Allah, da ka faɗa mana, ai da mun zo da kasko." Dariya ta ɓarke, wasu suna dariya suna share hawaye. Suka yi godiya ga Allah a bakin hanya, kowa da irin bakinsa. Bayan haka manomin ya ɗauki matarsa da sauran ƙwan da bai fashe ba, ya ƙarasa birni a hannun dama.

Ma'anar wannan misali ita ce. Ku saurara da kyau, yara da manya, gama ba na son wani ya fita daga nan ya ce labarin mugun direba ya ji. Mutumin nan ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Bai sha ba, bai yi gudu ba. Wuri ne kawai ya zauna wanda ba nasa ba, ya kuma yi zaton nagartarsa ta saya masa shi. Hannun hagu aro ne. Ana shiga, a wuce, a mayar. Wanda ya zauna a ciki ya ci aro, ko da kuwa yana waƙar yabo.

Dokar da ya riƙe ta tsakiya daidai ce a kan tsohuwar hanya. Hanya ta sāke, shi bai sāke ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa karɓar amsar bara a kan tambayar bana don kawai mai ita yana da ladabi ba. Kuskure kuskure ne, ko a bakin dattijo.

Hon ɗin nan kuwa, shi ne kukan maƙwabcinka. Manomin ya ji, ya yanke wa mai shi hukunci tun bai waiwaya ba. Wa ya naɗa shi alƙalin gudu? Ba ka san abin da yake bayanka ba. Wataƙila mai girman kai ne, gaskiya ne, suna da yawa. Wataƙila kuwa mace ce a kan gwiwa, ko yaro da maciji ya sara, ko dattijon da birkinsa ya ƙone. Idan ka kauce wa mai girman kai, me ka rasa? Ubangiji ya san inda zai same shi, ba ya bukatar akori-kurarka. Idan kuwa ka tsare mai neman rai, jininsa yana wuyanka. Ku lura kuma da abin da taurin kansa ya jawo wa direban: ya sa bawan Allah ya zaɓi waɗanda zai kashe. Ba wanda yake da izinin ɗora wa ɗan'uwansa irin wannan kaya.

Matar ita ce muryar da Allah yakan ajiye kusa da kai, wadda ka fi rainawa don ka saba da ita. Ƙwan kuma shi ne ɗan abin da kake lallaɓawa, jin daɗinka da girmanka, wanda kake sa jama'a duka su yi tafiyar hawainiya dominsa. Ba a kan kwalta kaɗai ake wannan ba. Akwai masu zaman hannun hagu a cikin gida, akwai su a cikin ikilisiya: ba su wuce ba, ba su kauce ba, in an yi magana su ce na baya ba su da haƙuri.

Na gode wa Allah da misalin ya ƙare da dariya. Amma ba zan ɓoye muku fushina ba, domin na sha tsayawa a bakin kabarin waɗanda nasu bai ƙare haka ba, ana cewa ƙaddara. Ƙaddara ba ta riƙe sitiyari. Saboda haka ga abin da nake nema, ba roƙo nake ba. Masu kula da hanya su cike ramukan hannun dama, gama su ne suke kora mutane hagu, su kuma kafa alluna da harshen da direba zai iya karantawa. Dattawan ikilisiya su sa hannu a takardar da na rubuta a kan wannan, tana kan tebur a bakin ƙofa. Kowane mai tuƙi a cikinmu, daga fasto har mai babur, ya yi wa Allah alkawari yau cewa in ya wuce zai koma dama. Ku yara, ku da kuke zama a kujerar baya, na ba ku izini: in kun ga Baba ya daɗe a hagu, ku ce masa da ladabi, "Baba, wa muke wucewa?" In bai da amsa, ya koma.

Ranar Asabar motar ikilisiya za ta kai matanmu taron gunduma. Gangare biyu ne a hanyar, waɗansunku kuma za ku bi ta a ranar da motocinku. Uwayenku suna cikin masu tafiya, matata ma tana ciki. Ina so su dawo.