Ƙofar Ruwa a Tukunyar Briskila

Ranar Talata, tara ga watan Oktoba, da ƙarfe goma saura kwata na safe, ruwan motar wani mutum ya tafasa a ƙofar gidansa.

Mutumin nan tsoho ne, motarsa ma tsohuwa, irin wadda aka daina ƙerawa tun 'ya'yansa suna rarrafe. Matarsa Briskila kuwa tana fama da ciwo, ta roƙe shi abu ɗaya, ya kai ta ƙauyensu a kan dutse ta ga gidan mahaifinta kafin ƙarfinta ya ƙare. Hawa ne na mil goma sha ɗaya, motar haya kuwa ba ta tsaya wa mai ciwo ya huta.

Sai ya kira Filibus makanike. Filibus ya zaro wani ɗan abu na tagulla daga wuyan injin, ya ce, "Baba, ga mai laifin. Tamostat ne, ya maƙale. Yar da shi za mu yi."

"Mu sa me a gurbinsa?"

"Ba kome. Kowa a garin nan cirewa yake yi. Kayan ƙasar sanyi ne."

"Mene ne aikinsa?"

"Ƙofar ruwa ce. Tana rufe har inji ya yi ɗumi, sa'an nan ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce."

"In ba ƙofar fa?"

"Inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai, ya ci kansa a hankali. Kai, Baba, tambayarka ta fi ta alƙali!"

Mutumin ya ɗauki abin, ya goge shi da toka, sai ga lamba, tamanin da biyu. A kasuwa ya sami guda biyu da suka shiga gurbin, ɗaya mai walƙiya, ɗaya duk ya dushe, ba lamba a jikin ko wanne. Mai kayan ya ce duk ɗaya ne. Mutumin ya yi ta mamaki, yaya za a san ƙofa tun ba a ga buɗewarta ba?

Ya saye su duka biyu, ya aro ma'aunin zafi wurin malamin kimiyya, ya ɗora tukunyar matarsa a murhu, ya rataya su biyun cikin ruwa da zare. Briskila ta ɗaga kai daga tabarma ta ce, "Maigida, yau miyar ƙarfe za mu sha?"

Ya ce, "Ke dai ki duba."

Da ma'auni ya kai tamanin da biyu, dusasshen nan ya buɗe baki a hankali. Mai walƙiyar kuwa ya yi gum har ruwa ya tafasa. Da shi aka sa, da a tsakiyar hawa za su kwana.

Filibus ya sa dusasshen a gurbin. Ran Asabar suka hau dutsen, allurar zafi tana tsaye a tsakiya. Briskila ta zauna a gindin ɗorawar mahaifinta har la'asar.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Motar ita ce ranka, ƙofar kuwa ita ce kamewar da Ubangiji ya sa tsakanin zuciyarka da bakinka. Waɗansu za su ce maka ka cire ta, ai kowa ya cire. Wanda ya ji tasu, kome ya zo masa sai ya zubar, ƙaunarsa ba ta ɗumi. Wani kuma ƙofarsa kyakkyawa ce a ido, amma ba ta buɗewa, yana riƙe da ɓacin rai har ya tafasa a hanya, da waɗanda ya ɗauko. Kada ka zaɓa da ido, kada kuma ka zaɓa da bakin jama'a. Ka nemi lambar da Mahaliccinka ya rubuta, ka gwada kanka a gida tun hawa bai zo ba, gama ba kai kaɗai ne cikin motar ba.

Briskila ta huta kafin Kirsimeti. Waɗanda suka rage su ne mutumin, da Filibus wanda yanzu yakan duba lamba kafin ya yar, da motar, da tukunyar, wadda ba a ƙara yin miya a cikinta ba.