Warin Takalmin Sarki Jatau

A zamanin da, tun kakannin kakanninmu ba su yi haƙori ba, an yi wani gari mai wata al'ada. Ranar da aka naɗa sarki, sai ya ɗauki alkawari guda a gaban jama'a, ya tuɓe warin takalminsa ya ba waɗanda ya yi wa alkawarin su riƙe. Ran da ya cika, su mayar masa. Kuma ba sarkin da ke sauka daga gado ya fita ƙofar gari sai da takalman nan duka biyu a ƙafarsa.

Sarki Jatau, ran naɗinsa, jini na tafasa, ya dubi mutanen Ƙetaren Rafi ya ce zai gina musu gada kafin damina ta zagayo. Ya miƙa warin takalmi ga mai unguwarsu, Malam Cindo. Aka rangaɗa guɗa. Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, har ta gaji da zagayowa. Sarki ya gina soro, ya gina barga, ya yi tumbi, ya yi furfura. Gada kuwa shiru.

Da tsufa ya kama shi, sai ya yi niyyar murabus ya bi ayarin alhazai. Madugu ya aiko cewa jibi za a tashi. Aka buɗe adaka, sai ga wari ɗaya kwance kamar maraya.

Sarki ya kira wazirinsa. Ya ce, "Waziri, na san inda ɗan'uwansa yake. Duk sanda na ji tsawa sai ya faɗo mini a rai, in ce baɗi."

Waziri Gambo mutum ne da ko dila sai ya zo ɗaukar karatu wurinsa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, Cindo ya daɗe da rasuwa. Wa ya tuna? Ga baduku nan a bayan fada."

Sarki bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Baduku ya ɗinka sabon wari, aka rataye shi a hayaƙi, aka tumurmusa shi cikin ƙasa, har akuya aka ba ta ta ɗan tauna gefe don ya tsufa da kyau.

Ranar tafiya, gari ya taru a ƙofa. Sarki na tafe, idonsa a ƙasa, sai ga wata tsohuwa ta tare hanya, zaninta sharkaf har ƙugu, da ƙwarya rufe da faifai. Tabawa ce, matar marigayi Cindo.

Ta durƙusa ta ce, "Zaki, ban kwana na zo. Amma ina da 'yar tambaya irin ta tsofaffi. Ƙafa nawa Allah ya yi wa sarki?"

Waziri ya daka tsawa, "Ke tsohuwa, kauce!"

Sarki ya ce, "Bar ta. Biyu ne, Iya."

Ta ɗaga faifai, sai ga warin takalmin sarki na ainihi a cikin ƙwaryar. "To, wannan na wace ƙafar ne?"

Tabawa ta ce, "Malam yakan shafa masa mai duk sallah, yana cewa sarki ba ya ƙarya, aiki ne ya yi masa yawa. Ranar da rafi ya tafi da shi, fada zai zo ya tuna maka. Da ruwa ya fi ƙarfinsa, takalmin ya jefo mana bakin gaɓa, kada amanar sarki ta salwanta."

Sarki ya tsaya, hawaye na bin gemunsa. Ya sunkuya da kansa, ya cire na bogen ya ajiye. Ya ce, "Madugu, ku tafi. Wanda ya kasa ƙetarar da talakawansa rafi, da wace fuska zai ƙetare Bahar Maliya?"

Ya miƙa sandar mulki ga magajinsa, ya roƙi alfarma ɗaya: a bar shi cikin masu ɗaukar dutsen ginin gada. Sabon sarki ya amince, ya kuma ce tunda Waziri ne ya sa aka ɗinka warin nan, sai ya sa warin a ƙafarsa ya bi bayan ubangidansa. Haka Gambo ya yi rani guda yana ɗingishi da gammo a ka, mata na tambayarsa ko akuyar ce ta cinye ɗayan.

Kafin ruwan farko gada ta tsaya. Tabawa ce ta fara takawa, zaninta a bushe. Da ta ƙetaro ta ajiye takalmin a gaban Jatau. Ya zura ƙafa da ƙyar, don fatar ta ƙanƙance tun ranar da ta sha ruwa.

Ta ce, "Ya matse ka?"

Ya ce, "Ya matse, Iya."

"To, haka za ka tafi da shi. Nawa haƙƙin na yafe. Na Malam kuwa, in ka isa can, ka roƙa masa rahama, ka roƙa wa kanka."

Da ayarin baɗi ya tashi, an ga tsoho a ƙarshen layi yana ɗan ɗingisawa. An yi masa tayin wani takalmi, ya ce a bar masa wannan.

Nan hikaya ta tuɓe nata takalmin, ta zauna.