Dakaren da Aka Bari a Fili

An yi wani sarki a birnin Kwarin Gamji, ana ce masa Sarki Zailani, mutum ne mai natsuwa da son ilimi, wanda ya ƙware a wasan shaɗaranji, wato darar nan ta sarakuna da ake jera dawaki da giwaye da dakaru a bisa allo. Tsakaninsa da maƙwabcinsa, Sarkin Dutsen Maje, akwai wata fadama mai ruwa rani da damina, wadda jayayya a kanta ta yi tsanani har aka fara wasa takubba. Da malaman ƙasashen biyu suka ga jini na shirin zuba, sai suka roƙi sarakunan su yanke maganar a kan allo, wanda ya yi rinjaye fadama ta zama tasa, kuma aka yarje wa kowane ɓangare ya nemi shawara a lokacin wasa.

Sarkin Dutsen Maje ya aiko wakilinsa, wani dattijo mai ƙarancin magana, Malam Yahuza. Aka shimfiɗa allo a zauren fada da hantsi, aka ba baƙo farawa don girmamawa. Al'adar masana ita ce a buɗe da dakaren tsakiya, amma Malam Yahuza ya miƙa hannu can gefe, ya tura dakaren da ke gaban dokinsa. Sarki ya tura nasa na tsakiya. Sai dattijon ya shigar da giwarsa gurbin da ya buɗe, ya bar dakaren nan a fili ba mai tsaronsa, ya naɗe hannu.

Sarki ya daɗe yana duban allo, domin bai taɓa ganin wannan buɗi ba a wajen malamansa, kuma ya san abincin talakawa masu yawa yana rataye a kan amsarsa. Ya juya ga Sarkin Yaƙi Barau ya ce, "Me ka gani?"

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne ya kama baƙonmu. Abin da babu shi a littattafan masana kuskure ne. A cinye dakaren nan tun bai farga ba."

Sarki ya dubi Alƙali Ɗalhatu, wanda ya shekara da yawa yana shari'a a birnin, ya ce, "Kai fa, Malam?"

Alƙali ya russuna ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki nasara, ni ban san ko tarko ne ko kuskure ba, kuma ba zan yi da'awar sanin abin da ban sani ba. Sai dai idan kuskure ne, rauninsa ba zai warke don mun jinkirta ba, za mu same shi nan gaba yana jiranmu. Idan kuwa tarko ne, ba abin da yake buƙata sai gaggawarmu. Ina ganin giwar nan da ya ajiye tana kallon tsakiyarmu daga nesa. A ra'ayina a toshe mata hanya, a ƙarfafa gida, a bar masa kyautarsa."

Barau ya ce, "Ashe za mu ji tsoron dakare guda a gaban jama'a?"

Alƙali ya ce, "Gara a yi mana dariya yanzu, Sarkin Yaƙi, da a yi kuka a fadama da rani."

Sarki ya ɗauki dakarensa ya tokare tsakiya da shi. Malam Yahuza ya ɗaga kai ya dubi alƙali sau ɗaya, ya mayar da ido kan allo. Wasa ya yi tsawo, giwar baƙo ta rasa mashiga, gefen da ya buɗe da hannunsa ya zama ƙofar da dawakin Sarki suka bi, kafin la'asar Malam Yahuza ya kwantar da sarkinsa na kan allo ya sallama.

Sarki ya tambaye shi cikin ladabi, "Don Allah, Malam, da na ci dakaren fa?"

Dattijon ya mayar da kayan wasa yadda suke, ya nuna yadda wazirinsa na kan allo zai fito ya haɗu da giwa su rushe ɓangaren Sarki. Ya ce, "Da wannan na kayar da duk wanda na zauna da shi a ƙasarmu, ranka ya daɗe. Kowa ci yake yi."

Sarki ya ce wa alƙali ya faɗi abin da yake so. Alƙali ya ce, "Fadama ta zama taka bisa sharaɗi, amma makiyayan Dutsen Maje ba su yi wasa ba balle a ce sun faɗi. Ina roƙo kada a hana dabbobinsu ruwa."

Sarki ya amince nan take, ya sa aka sanar a ƙasashen biyu, sannan ya naɗa Ɗalhatu waziri. Ya ce wa fadawa, "Wanda ya iya cewa bai sani ba, ya tsaya ya duba kafin ya yanke, kuma ya tuna da mai rauni bayan ya yi rinjaye, shi ya cancanci a damƙa masa haƙƙin mutane, domin adalci ba ya zama wuri ɗaya da gaggawa."