Gauraka da Turmin Tabawa

An yi wani sarki a Birnin Madaci, ana ce masa Sarki Jatau, mutum mai haiba da tsantseni, wanda ba a taɓa jin ya ci haƙƙin talaka da saninsa ba, sai dai abin da ake yi da sunansa bai sani ba yana da yawa. Yana da wani waziri dattijo, Waziri Ilyasu, mai ƙarancin magana da yawan lura, wanda ya yi wa mahaifinsa hidima kafin shi.

A ƙasar nan akwai wata tsohuwar al'ada, cewa gauraka, tsuntsun nan mai dogon wuya da tukku kamar zaren zinariya, na sarakuna ne, duk wanda ya kama shi a daji wajibi ne ya kai shi fada. Wata shekara bayan kaka, da hakimai suka zo gaisuwa, sai Barde Sambo, hakimin gabas, ya kawo wani gauraka wanda ba a taɓa ganin mai kyaunsa ba. Sarki na ganinsa ya ƙura masa ido har fadawa suka tsargu, domin mahaifiyarsa ta taɓa kiwon irinsa yana ƙarami, kuma tun rasuwarta bai sake ganin gauraka a tsakar gida ba. Ya sa aka keɓe masa wuri ƙarƙashin wata durumi a cikin gida, aka kawo masa alkama da shinkafa a tasar azurfa.

Amma tsuntsu ya ƙi ci. Ruwa kaɗai yake kurɓa, ya koma ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya cusa kai cikin fiffike. Aka kira masu magani, aka yi turare, aka kamo masa fara da kwaɗi, bai ko dube su ba. A kwana na biyar, da ƙashin ƙirjinsa ya fara fitowa, sarki ya kira waziri.

Ya ce, “Waziri, kai ne ka warware rikicin mutanen da suka gagari alƙalai, ga wanda ba shi da baki na ba ka. Ka gano mini abin da ke damun tsuntsun nan, ka sa ya ci abinci. Masana sun ce ba zai wuce kwana uku ba, saboda haka kwana uku na ba ka.”

Waziri ya ce, “Allah ya ba ka nasara, na ji, na kuma karɓa. Abu ɗaya nake roƙo, in na gano dalili, a yarda in faɗe shi yadda yake, ko da bai yi daɗin ji ba.”

Sarki ya ce ya yarda.

Waziri ya fara da Barde, ya tambaye shi asalin tsuntsun. Barde ya gyara rawani ya ce, “Ai a gidana ya tashi, tun yana ɗan tsako. Alkama da dabino yake ci, baƙunta ce kawai ke damunsa.” Waziri ya sallame shi. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin durumi, ya zauna tun hantsi yana kallon tsuntsu. Abu biyu ya gani. Na farko, gashin fiffikensa na dama sabon yanka ne, bakinsa ko dakushewa bai yi ba. Na biyu, da la'asar ta yi, matan gidan sarki suka fara daka a bayan katanga, sai gauraka ya zaro kai, ya miƙe wuya, ya karkata yana saurare kamar mai jiran sallama, can kuma ya mai da kai cikin fiffike.

Waziri ya koma gida da wannan a ransa. Yana da wata tsohuwar kyanwa, shekararta goma sha uku a wurinsa, wadda duk inda take, da ta ji ya kaɗa butar alwala sai ta taho, amma in wani ne ya taɓa butar ko kunne ba ta ɗagawa. Yana shafa ta yana ba uwargidansa Hajo labarin abin da ya gani, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, in daka tsuntsun yake so, ai ga daka nan ana yi masa kullum.

Hajo ta yi dariya har ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce, “Malam, shekara arba'in kana cin tuwo, ashe ba ka taɓa sauraron inda yake fitowa ba? Kai duk daka ɗaya ce a kunnenka? Ni daga nan ina zaune zan gaya maka wace ce ke daka a unguwar nan, in gaya maka ko ta yi faɗa da mijinta. Matan fada su uku huɗu suke lugude a turmi ɗaya, da tafi da waƙa. Tsuntsunka ba nasu yake jira ba. Akwai hannun da ya sani, kamar yadda wannan munafukar ta san butarka.”

Waziri ya dubi kyanwa, ya dubi matarsa, ya ce, “Hajo, da ana naɗa mace, da yau na ba ki rawanin nan.”

Ta ce, “Riƙe abinka, zafi gare shi.”

Da gari ya waye, ya hau alfadararsa ya nufi ƙasar gabas, ba tambura ba rakiya. Bai tambayi dagatai ba, don ya san amsarsu tana hannun Barde. Bakin rijiyoyi ya riƙa tsayawa, inda mata ke ɗiban ruwa, yana yi musu tambaya ɗaya: ko akwai gidan da aka saba jin daka, kwanan nan aka daina ji? A ƙauye na uku, wani mai suna Rafin Kada, wata mata ta ce, “Sai gidan Iya Tabawa. Yau kwana takwas turminta a kife, tun da mutanen Barde suka ɗauke mata Auta. Mu ke kai mata kunu, shi ma sai da lallashi.”

Ya sami tsohuwar zaune a ƙofar bukkarta a bakin fadama, ta rame, idanunta sun faɗa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaya mata ko shi wane ne. Ba ta razana ba. Abin da ta fara tambaya shi ne, “Yana ci?”

Ya ce, “Ba ya ci, Iya.”

Ta ce, “Ai na sani. Na gaya musu, suka ce tsohuwa ta ruɗe.”

Ta ba shi labari. Shekara tara ke nan, damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye sheƙar gauraki a fadama, ta tsinci ɗan tsako ɗaya a cikin ciyawa, jiƙe sharkaf, ƙafarsa a karye. A shekarar ne mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuwa uku ta haifa, duka ƙasa ta rufe su. Ta ɗaure masa ƙafa da sillen kara, ta riƙa ɗumama shi a cikin zanenta, ta sa masa suna Auta. In ta yi daka ta tankaɗe, tsakin da ya rage a faifai shi take miƙa masa, har ya zama bai san wani abinci ba sai wanda ya biyo bayan ƙarar taɓaryarta. Da ya girma yakan tashi ya bi 'yan'uwansa fadama ya yi kiwo, amma da ya ji turmi sai ga shi ya sauko.

Waziri ya ce ta shirya su tafi birni. Ta ce, “In dai don ya ci ne, ko a ƙafa sai in je. Amma da turmina za a tafi.” Ya ce ai akwai turame a fada, na ƙirya masu kyau. Ta ce, “Ɗan nan, nawa tsagagge ne a gefe, muryarsa daban. Kuma kafaɗata ta hagu ta mutu, bugu biyu nake yi in huta. Shi wannan ya sani.” Aka ɗora turmi a kan jaki, aka ɗora ta a kan alfadara, waziri da furfurarsa ya kama linzami yana tafe a ƙasa.

A rana ta uku da la'asar, waziri ya roƙi sarki ya fito gindin durumi tare da Barde da manyan fada. Gauraka na kwance, ya kasa ko tsayuwa. Waziri ya ce, “Allah ya ja zamaninka, tun da Barde ne ya rene shi, ina roƙon ya kira shi ya ba shi abinci.” Barde ya ɗauki tasar azurfa, ya yi fito, ya kaɗa yatsa, ya kira shi da sunaye iri iri, tsuntsu bai motsa ba. Sai waziri ya ɗaga hannu. Daga bayan wani zana da aka kafa, inda ba mai ganin kowa, aka ji taɓarya ta sauka: bugu biyu, shiru, bugu biyu, shiru, da wata 'yar ƙara ta tsagaggen itace.

Gauraka ya zaro kai. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya, ya yi wani kuka mai ƙarfi wanda ba a taɓa ji daga bakinsa ba tun zuwansa. Ya nufi zana yana tangaɗi, ya buɗe fiffike ɗaya cikakke ɗaya yankakke, yana sunkuyawa yana ɗan tsalle. Tsohuwa ta fito da faifai, ta ce, “Kai Auta, dubi yadda ka mai da kanka. Haka ake yi a gidan mutane?” Ya sa baki a faifai yana ci, ita kuwa hawaye na zuba a kan tsakin.

Sarki ya yi murna ƙwarai, ya ce a ba tsohuwa ɗaki a cikin gida, da sutura da abinci har ƙarshen ranta, ta zauna ta riƙa ciyar masa da tsuntsunsa. Tabawa ta durƙusa ta ce, “Zaki, na gode. Amma kabarin malam da na yarana suna Rafin Kada, ni ke share su. Shi kuma Auta fadama ya saba, da ruwa da 'yan'uwansa. In an ce mu zauna za mu zauna, ba mu da iko, sai dai ba na jin za mu daɗe.”

Fuskar sarki ta canja. Barde ya ga dama ta samu, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ko na yi kuskure a zancen reno, al'ada ba ta yi kuskure ba. Gauraka na sarki ne tun kaka da kakanni.”

Sarki ya juya ga waziri ya ce, “Me ka gani?”

Waziri ya san inda zuciyar sarki take, ya kuma san abin da zai faɗa zai sosa ta. Ya ce, “Ranka ya daɗe, na roƙi izinin faɗin gaskiya tun farko, aka ba ni. Al'ada ta yi hukunci a kan tsuntsun da aka kama, wannan baiwar Allah kuwa ba ta kama shi ba, ceto ta yi. Shekara tara yana gidanta da fiffikensa cikakke, sararin sama a buɗe, kullum yana tashi, kullum yana komowa. Mu kwana takwas ya yi a hannunmu, sai da aka yanke masa fiffike kafin ya zauna, aka sa masa azurfa a gaba ya zaɓi yunwa. Ka umarce ni in gano cutarsa: kewa ce, kuma ita ce cutar tsohuwar nan. Na san abin da yake tuna maka, domin na san marigayiya, na kuma ga nata gaurakan. Ita da hannunta take ba shi, ba ta taɓa sa wuƙa a fiffikensa ba.”

Sarki ya daɗe yana kallon tsuntsun, wanda ya ƙoshi ya ɗora wuya a kafaɗar tsohuwa yana jan bakin kallabinta. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Haka take yi, ba shakka. Na tuna tsuntsun, na manta hannun.”

Nan take ya yi hukunci. Ya ce a mai da Auta Rafin Kada tare da uwarsa, kada wanda ya sake taɓa shi. Barde kuma, saboda ƙaryar da ya yi a gaban sarki, shi zai riƙa kai wa Tabawa damin gero duk kaka, da kansa, ya kuma sauka daga doki tun daga bakin rijiya. Ya sa aka yi shela cewa daga ranar, dabba ko tsuntsun da mutum ya rena a gidansa ba ya shiga gaisuwar sarki. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri. Waziri ya yi godiya, ya ce rabin ladan na Hajo ne, sarki ya yi dariya ya aika mata da saniya mai tatsa.

Da za su tafi, Tabawa ta tsaya ta ce, “Zaki, in kana marmarinsa, ai hanya ba ta da nisa. Bari damina ta faɗi, gashinsa ya fito.”

Da damina ta faɗi kuwa sarki ya je, shi da waziri, ba tare da taro ba. Suka tarar fadama ta yi kore shar, ba gauraka a gida. Tsohuwa ta shimfiɗa musu tabarma, ta miƙa wa sarki faifai da tsaki a ciki, ta ce, “Riƙe nan, kada ka yi motsi da yawa.” Ta ɗauki taɓarya: bugu biyu, shiru, bugu biyu, shiru. Sai ga shi daga sama, fiffike biyu cikakku, ya sauka a tsakar gida. Ya dubi baƙon da ido ɗaya, ya dube shi da ɗayan, ya dubi tsohuwa, sannan ya matso ya ci daga hannun sarki.

A hanyar komawa sarki ya ce wa waziri ya rubuta wata magana, a ajiye ta inda masu zuwa bayansa za su gani. Ga abin da aka rubuta: mai mulki yana da ikon ya tsare jiki, amma zuciya tana wurin wanda ya yi mata alheri, kuma adalci shi ne a bar kowane mai rai, mai baki da marar baki, tare da wanda ya saba jin tausayinsa.