Hakimi a Cikin Taswira

Gwamnati ta ce kowace gunduma ta aika taswirarta a haɗa ta ƙasa gaba ɗaya, wadda kowa zai iya dubawa a wayarsa. Hakimin Gangaren Tsamiya, mutum mai son a san da shi, ya sa aka kira Jatau mai zanen motoci.

"Ka zana mini ƙasata kaf," in ji Hakimi. "Kowace akuya, kowace kaza, a daidai inda take. Ka kuskure ɗaya, ka bar garin nan."

Jatau ya durƙusa ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai kada kowa ya motsa. Da kai zan fara, tunda kai ne babba."

Hakimi ya gyara rawani, ya ƙame a kujera. Ashe da safe ya sha fura ƙwarya guda. Jatau ya yi ta fere fensir yana hamma. Can Hakimi ya fara mutsu-mutsu, gumi na keto masa.

"Jatau, zan ɗan zagaya."

"To, ranka ya daɗe, bari in biyo ka da takarda."

"Ka biyo ni ina?"

"Ai ka ce kowa a daidai inda yake. Can zan zana ka a tsugune, da butarka, mu aika ƙasa duka ta gani."

Hakimi ya tattare riga ya zura da gudu, yana ihu, "Hanyoyi da rijiyoyi kawai! Kada in ga ko kaza!"